Kurakuran da aka fi yi wajen auna sinadarai a cikin ƙwayar halitta da RNA mai haske

Tun da ɗakin binciken Samie Jaffrey na Weill Cornell da ke birnin New York ya fitar da Spinach a shekarar 2011, wato guntun RNA (zaren sinadari ɗan'uwan DNA) da ke kama wani rini mai suna DFHBI ya sa shi ba da koren haske, masu bincike suka samu hanyar kallon sinadarai a cikin ƙwayar halitta tana raye. A 2012 aka ɗinka masa wani sashe mai gane sinadari, ta yadda ba ya naɗewa ya riƙe rinin sai sinadarin ya iso, ya zama ma'auni ke nan, aka kuma auna ƙananan sinadarai biyu, SAM da ADP, da shi a cikin bakteriyar E. coli. Akasarin kurakuran da ake yi tushensu ɗaya ne, shi ne ɗaukar yawan haske a matsayin yawan sinadari kai tsaye, alhali abubuwa da dama na iya ƙara hasken ko rage shi.

Mafi yawan faruwa shi ne gwada ma'aunin a bututun gwaji mai yalwar magniziyam a yanayin zafin ɗaki, sannan a sa ran zai yi aiki haka a cikin ƙwayar dabba, inda zafi ya kai digiri 37 kuma magniziyam da ke sake bai cika wuce milimola 1 ba. Spinach na asali yakan fara warwarewa tun kafin wannan zafin, shi ya sa aka samar da ingantaccen nau'insa Spinach2 a 2013, sai wani irinsa mai suna Broccoli a 2014, wanda ya fi jure zafi da ƙarancin magniziyam. Gyaran shi ne a yi gwajin farko a yanayin da ya yi kama da na ƙwayar, kuma a sa fotasiyam a ruwan gwajin, domin cibiyar Spinach da Broccoli da Mango (shi ma RNA ne mai haske) tana buƙatarsa kafin ta tsaya daidai. Haka nan gaɓar da ta haɗa sashen ganewa da sashen haske: idan ta yi ƙarfi, ma'aunin zai haska ko babu sinadari, idan ta yi rauni ba zai haska ba sam, don haka dole a gwada tsayi daban-daban.

Akwai kuma masu ganin duhu su yanke cewa babu sinadarin, bayan kuwa RNA ɗin ne ƙwayar ta narkar kafin ya taru. Sanya shi cikin firam mai kare shi kamar F30 yana taimakawa, amma a ƙwayoyin dabbobi tsarin Tornado na 2019, mai rufe RNA ya zama zobe marar baki, ya fi amfani matuƙa.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne na dusashewar haske. DFHBI yakan juya siffarsa da zarar an haska shi da ƙarfi, sai hasken ya faɗi cikin daƙiƙoƙi kaɗan, mai bincike ya rubuta cewa sinadari ya ragu. A rage ƙarfin fitila, a riƙa haskawa jefi-jefi domin sabon rini ya maye gurbin wanda ya juya, kuma kada a wanke rinin daga ruwan ƙwayoyin. Idan aikin na dogon lokaci ne, wasu nau'ikan RNA mai haske, Corn na 2017 ko Pepper na 2019, sun fi jurewa.

Ƙwayoyi biyu da ke maƙwabtaka ma ba sa samar da RNA daidai wa daida, saboda haka wadda ta fi haske ba lallai ta fi sinadari ba. A haɗa ma'aunin da wani RNA mai launi daban wanda sinadarin bai shafe shi ba, a raba hasken farko da na biyu. Sannan a gudanar da gwajin da ma'aunin da aka lalata masa sashen ganewa da gangan. Idan shi ma haskensa ya canza, canjin ba daga sinadarin ya fito ba.