Masu zuwa Chaina daga Legas, ku daina lissafin awa da ka

Wallahi na gaji da ganin sabbin ƴan kasuwanmu na Agege da Idi-Araba suna tafka kuskure iri ɗaya kan lokacin jirgi, kullum sai an kira ni ana salati.

Lokacin da ke jikin tikiti agogon garin da kake ne, tashi da agogon Legas, sauka da agogon birnin Gwanzu na Chaina, kuma Chaina ta riga mu da awa 7. Misali ka tashi 1:30 na rana ka sauka 3:30 na yamma washegari, mutum sai ya ƙirga awa 26 ya fara kuka, alhali 19 ne in ka cire bakwai ɗin. A dawowa kuma ƙarawa ake yi. Wannan ƴar +1 da ke gefen lokacin sauka ma'anarta washegari, ka faɗa wa mai tarbarka.

Wasu kuma su duba nisa a waya, kusan kilomita 11,700, su raba da gudun jirgi wajen 850 a awa, su ce ai awa 14 ne. Haba Alhaji, miƙe kake tafiya? Yawancinmu ta Adis Ababa ko Doha ko Dubai muke bi. Legas zuwa Adis kaɗai awa 5 da ɗoriya ne, daga can kuma wajen awa 10, ga zaman jira a tsakiya.

Amma wanda ya fi ƙona min rai shi ne jirgin tsakar dare. Na tura yaron shagona, tikitin dawowarsa an rubuta 00:30 ranar Talata. Bawan Allah ya kwana lafiya daren Litinin, ya wuni Talata yana ɗaure kaya, da dare ya ja akwatuna zuwa eyafot, aka ce masa jirginka ya tashi tun jiya. Kuɗin tara, cikon sabon tikiti, ƙarin kwanan otal, ga biza ta kusa ƙarewa, duk a kaina, ribar tafiyar nan gaba ɗaya ta tafi. Ku ji da kyau, 00:30 na Talata daren Litinin ne, bayan isha'in Litinin ka kama hanya! Ni yanzu duk wanda zan tura sai na rubuta masa da biro a bayan takardar, ranar da zai bar masauki da ƙarfe nawa, ya karanta min da bakinsa.

Tiransit, wato jiran canjin jirgi a hanya, na awa ɗaya ba na karɓa ko ejan ɗin tikiti ya rantse, ƙasa da awa 3 a bar shi. Dawowa takan ɗan fi tsawo saboda iskar sama daga yamma take kaɗawa, kar ka tsorata.

Sai gosulon Oshodi da Ikeja, shi ma ka sa shi cikin lissafin tafiyar, kuma ka gaya wa direba ɓangaren ƙasashen waje za ka na filin jirgin Murtala Muhammed, kar ya sauke ka a na cikin gida.