Kurakuran ɗaliban kimiyyar siyasa wajen neman madogara da kafa hujja

Wanda ya saba duba furojet ɗin ɗaliban ajin ƙarshe a nan Gombe ya san inda gizo ke saƙar: babi na biyu, na bitar rubuce-rubucen da suka gabata, da shafin manazarta. Laifin da ya fi damuna shi ne kafa hujja da littafin da ɗalibi bai taɓa buɗewa ba. Za ka ga "Joseph, 1987" ya cika babi, alhali an kwaso shi ne daga tsohon furojet, shi ma mai tsohon daga wani ya kwasa. Ranar kare aiki malami ya ce "a wane shafi Richard Joseph ya faɗi haka?", sai gumi ya karyo. Ku nemo asalin littafin. In ya gagara, tsarin APA na kafa hujja da jera manazarta ya yarda ku ce kun ga maganar ne a aikin wane, kuma shi wanda kuka karanta ɗin ne zai shiga manazarta. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira ma sukan ƙago maƙalar da ba a taɓa rubutawa ba, har da shekara da lambar shafi. Duk abin da suka ba ku, ku tabbatar da shi a shafukan neman maƙalun ilimi kamar Google Scholar, JSTOR ko AJOL.

Sai kukan nan na "Malam, ba a yi rubutu a kan garinmu ba". Sau da yawa sunan da aka nema da shi ne bai dace ba. Jihar Gombe sai 1 ga Oktoba 1996 aka cire ta daga Bauchi, ita kuma Bauchi a 1976 ta fito daga Jihar Arewa maso Gabas. A zamanin Turawa Lardin Bauchi ne. Mai nazarin siyasar Kaltungo ko Dukku a Jamhuriya ta Farko, da sunan lardi, En'e ko masarauta zai nema, kamar Tangale-Waja ko Masarautar Gombe. Ya duba littafin Billy Dudley na 1968 da na C. S. Whitaker na 1970 a kan siyasar Arewa, in da hali kuma ya leƙa cibiyar binciken tarihi ta Gidan Arewa (Arewa House) da ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna.

Alkaluman zaɓe ma a kula. Zaɓen gwamnan Bauchi na 9 ga Maris 2019 bai kammala a ranar ba, sai da aka sake kaɗa ƙuri'a a wasu rumfuna ranar 23 ga watan. Wanda ya ɗauki adadi daga rahoton farko ya ɗauki rabin labari. Sakamakon ƙarshe na INEC shi ne madogara, ba saƙon WhatsApp ba.

Sunayenmu kan rikita ɗalibai: Yusufu Bala Usman a manazarta "Usman, Y. B." ne, kada ya zama Bala a shafi na 12, Yusuf a na 30.

Barin haɗa manazarta sai daren da za a kai aiki ɗauri shi ke haifar da yawancin wannan ɓarna. Manhajar Zotero mai haɗa manazarta kyauta ce. Wanda ba shi da kwamfuta, littafin rubutu guda ya ishe shi: suna, shekara, take, mawallafa da shafi, a rubuta nan take ana cikin karatu. Kalaman marubuci kuma a sa musu alamar zance tun a lokacin, don bayan wata biyu ba za ku iya bambance nasa da naku ba, daga nan ne satar fasaha ke shigowa ba da niyya ba.