Babi na 6: Karanta wa Yaro Littafi a Ranar Awo

Darasi na 1: Abin da za ki sa a jaka

Ranar kai yaro asibiti awo ko rigakafi, katinsa ne farko. Ki duba shi tun dare, ki nemo ranar da ma'aikaciyar lafiya ta rubuta miki ki dawo. Na biyu, littafi mai hotuna. Ko tsohon na yayansa ne na firamare ba komai, in dai akwai akuya, kaza, kwano ko mota a ciki. Za ki je yana da sati 6, da sati 10, da sati 14, sai kuma wata 9 a yi masa allurar ƙyanda. Kowane zuwa sai an zauna layi a kan benci, to wannan zaman muke so ki mora.

Wata za ta ce, "Malama, jariri me ya sani?" Ai likitocin yara ne da kansu suka kawo shawarar. A birnin Boston na Amurka, tun 1989 wasu likitoci suka fara ba iyaye littafi a ɗakin duba yara, a 2014 kuma ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar ta ce a fara yi wa yaro karatu tun daga haihuwa. Yaro yana tara kalmomi a kunne tun bai iya furta su ba.

Darasi na 2: Nuna, faɗa, dakata

Sauko da goyon ki ɗora shi a cinya, bayansa a ƙirjinki. Buɗe littafin a gabanku ku biyu. Boko ne ba allo ba, daga hagu ake farawa.

Aza yatsa a kan hoto. Ki ce, "Akuya." Sai ki yi shiru, ki ƙirga ɗaya zuwa biyar a zuci, kina duban fuskarsa. In ya yi gwaranci ko ya miƙa hannu, amsa ya ba ki. Ki ce, "E, akuya ce, mee!" Sannan ki sake dakatawa.

Mu sake. Yatsa a kan kaza. "Kaza." Shiru, ƙirga biyar. Kada ki juya shafi tukuna. Madalla, haka ake yi.

In kin ci karo da kalmar da ta fi ƙarfinki, bar ta, ki faɗi abin da ke cikin hoton. Yaro ba jarrabawa yake miki ba, muryarki yake so. Bayan kin faɗa, me za ki yi? Ki dakata.

Wannan dakatawar ita ce ke kayar da ku a aji. Da kun samu kalma ta fito daidai sai ku zarce, kamar mai gudun kada tuwo ya ƙone, shafi bayan shafi, yaro ko hoton bai gani ba. Wasu kuma su manna littafin a fuska suna motsa leɓe don kada matan layi su ji. Haba, iyayena! Kunyar me? Wadda ke kusa da ke ita ma da nata kukan yaron take fama. Na faɗa, na sake faɗa: ɗaga murya, faɗi kalma ɗaya, rufe baki, ƙirga biyar. Wadda ta zo aji na gaba tana zuba ba tsayawa, daga shafin farko za ta koma.

Darasi na 3: In ya kai littafin baki

Duk yara haka suke yi. Kada ki buge hannunsa. Janye a hankali, ki goge, ku ci gaba. In ya kau da kai, ya gaji, rufe.

Darasi na 4: Bayan allura

Ki ba shi nono ki lallashe shi. Karatu sai ya huce.

Darasi na 5: A gida

Ki nuna wa maigida yadda ake yi, shi ma ya karɓa bayan isha'i. Ki gaya masa zancen ƙirga biyar.

Aikin gida: ki nuna wa yaro hotuna 3, ki zo da littafin ranar aji.