Yadda za ku koya wa yara masu jinkirin fahimta sana'ar hannu

Malamai da iyaye, in kuna da yaro mai larurar ƙwaƙwalwa dan Allah kar ku bar shi zaune a bayan aji yana kallon bango, hannunsa na iya aiki sosai, tsari kawai yake buƙata.

Ku fara da jera tsakiya, wato duwatsun ado, a zare, amma manya, don ƙananan nan yaro na iya jefawa a baki ko hanci. In babu ku samo makaroni ku rina shi da kalar abinci. Zaren kuma igiyar takalmi ta fi, saboda bakinta da tauri, yana shiga rami ba wahala. Kala biyu kawai da farko, ja da fari, sai ya gane sannan a ƙara.

In hannu ya faɗa sai a koma tabarmar goge ƙafa ta ƙyalle. Ku je wajen teloli a kasuwa, in a Kaduna kuke Kasuwar Bacci ko ta Sheikh Gumi, ku roƙi ragowar atamfa, da yawa zubarwa suke yi, ku haɗa da buhun algarara. Yankan ƙyallen ku za ku yi da kanku, tsawon tafin hannu, almakashi ba yanzu ba.

To ga inda nake so ku kula, daga ƙarshe ake fara koyarwa. Ke malama ki huda buhun, ki zura ƙyallen, ki fara ƙullin, shi kuma ya ja ya ɗaure kawai. Kin ga shi ya gama aikin kenan, kuma wallahi za ki ga fuskarsa ta canza. In ya ƙware a ɗaurewa sai ki bar masa ƙullin gaba ɗaya, daga baya zurawa, a haka a haka har ya riƙe aikin shi kaɗai. Wanda ya kasa ki ɗora hannunki kan nasa ku yi tare, gobe ki riƙe gwiwar hannun kawai, jibi ki nuna da yatsa, wani sai ya yi sati biyu a mataki ɗaya kuma ba komai.

Magana gajera, "ja", "ɗaure", ba dogon bayani ba. Minti 10 zuwa 15 ya isa, kullum a wuri ɗaya lokaci ɗaya. Kuma kar ki warware abin da ya yi a gabansa ko da ya karkace, suna gani kuma yana musu ciwo.

Ranar da iyaye suka zo makaranta ku baje kayan, in an saya a miƙa wa yaron kuɗin a hannunsa, ko da naira 500 ce.