Darasi na Bakwai: Tsirran Tukunya Masu Sauƙin Raino

Ba sai mutum yana da lambu ko fili a fadama ba kafin ya shuka abin da zai ƙawata gidansa. Tukunyar ƙasa da ta tsage, da tsohuwar jarka da aka yanke biyu, da bokitin fenti da aka gama da shi, duk za su iya ɗaukar tsiro a tsakar gida ko a bakin zaure. Sai dai ya kamata mai farawa ya zaɓi tsiron da ya saba da ƙishirwa, domin a ƙauyukan Kano da Jigawa ruwan sama yakan ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, ba ya zama sosai sai a watan Yuni, kuma a Afrilu zafi yakan haura digiri 40.

Tsirrai uku ne suka fi dacewa da wannan yanayi. Akwai alobera, dangin wadda ake kira kabar giwa, mai ganye kauri cike da ruwa mai yauƙi. Akwai moda, mai dogayen ganye a tsaye, wadda take jure inuwa har ana iya ajiye ta a ɗaki kusa da taga. Sai kariya, mai kumburarren gindi da fure ja-ja, wadda take son rana sosai. Dukkansu suna ajiye ruwa a jikinsu. Amma a kiyaye da kariya, domin ruwan jikinta dafi ne, don haka a ɗora ta inda yara da awaki ba za su kai ba, kuma a wanke hannu bayan an yanke reshenta.

Kafin a zuba ƙasa, a huda gindin mazubin da ƙusa mai zafi idan na roba ne, sannan a kifa tsingaro a kan hudar don kada ƙasa ta toshe ta. A haɗa kwano biyu na ƙasar gona da kwano ɗaya na yashi da kwano ɗaya na takin dabbobi da ya daɗe ya ruɓe. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, laka zalla kuma tana riƙe ruwa har tsiro ya lalace. Iri ba sai an saya ba, tun da alobera da moda suna fitar da 'ya'ya a gindi, kuma za a iya roƙon maƙwabciya ta cire ɗaya da saiwarsa.

Wurin ban ruwa ne yawancin masu farawa suke kuskure, kuma yawan ruwa ya fi ƙarancinsa kashe irin waɗannan tsirrai. A tura yatsa cikin ƙasa har gaɓa ta biyu. Idan an ji danshi, a ƙyale shi sai wata rana. Idan ƙasar ta bushe, a zuba ruwa da safe ko da yamma har ya ɗigo ta ƙasan tukunyar. Ganyen alobera da ya yi laushi ya koma ruwan ɗorawa daga gindi alama ce ta ruɓewar saiwa, ba ta ƙishirwa ba, kuma ƙara masa ruwa sai dai ya gaggauta mutuwarsa. A watan Agusta, lokacin da ruwa yake sauka kwana da kwana, a janye tukwanen zuwa ƙarƙashin rumfa. Da hunturu kuwa a riƙa goge ƙurar ganye da jiƙaƙƙen tsumma.

Wanda yake son tsiron da zai shiga tukunyar miya ko shayi, sai ya gwada daddoya da na'a-na'a. Su kam masu son ruwa ne, shi ya sa ake ajiye su kusa da randa ko inda ake alwala, amma kada a zuba musu ruwan wanki mai sabulu. Kaji suna tone ƙasarsu, saboda haka a kewaye tukunyar da ƙaya ko a ɗora ta a kan tubali.