Babi na Bakwai: Lissafin Kuɗin Bugu da Rabon Kaso a Firintar Ofis

A yawancin ofisoshi ba a tunawa da firinta sai ranar da ta tsaya. Mutum ya tura takarda daga kwamfuta, ya taso zai ɗauka, ya tarar da ƙaramar fitila tana ƙyaftawa, wai tona ta ƙare. Nan take a shiga tambaya. Yaushe ma aka saka ta? Wa ya cinye ta? Kowa ya rantse shi dai shafi biyu ko uku yake bugawa a rana. A wannan babi za mu koyi amsa waɗannan tambayoyi da biro da littafi, ko da babu ƙwararren kwamfuta a kusa.

Kalmomin da za mu riƙe

Tona ita ce garin tawadar da firinta mai leza ke amfani da shi, kuma tana zuwa ne cikin wani dogon mazubi da ake kira katirij. Mita ita ce ƙidayar da ke cikin na'urar, wadda ke ƙaruwa duk lokacin da aka buga shafi, ba ta kuma komawa baya. Kaso shi ne adadin shafukan da aka yarje wa mutum ko sashe ya buga a mako ko a wata.

Sai kalmomi biyu da suke rikita mutane da yawa, wato falle da shafi. Falle shi ne takardar da kake riƙewa a hannu. Shafi kuwa fuska ɗaya ce ta fallen. Ke nan kowane falle yana da shafi biyu, gaba da baya. Rim ɗaya na takarda falle 500 ne. Mita shafi take ƙirgawa, mai kula da sito kuma falle yake ƙirgawa. Idan ba ku raba waɗannan biyu a kanku ba, lissafinku ba zai taɓa haɗuwa da na sito ba.

Karanta mita

Biyan kuɗi bisa abin da mita ta nuna ba sabon abu ba ne. A 1959 kamfanin da yanzu ake kira Xerox, a Amurka, ya fito da na'urar kwafi mai lamba 914. Haya ake ba da ita, dala 95 a wata da kwafi 2,000 a ciki, duk kwafin da ya ɗoru a kai kuma senti 4. Har yau haka kamfanoni da dama ke ba ofisoshi hayar manyan firintoci: a ƙarshen wata a karanta mita, a kawo takardar biya.

Hanyar ganin mita uku ce. Za a iya duba allon da ke jikin firintar. Za a iya sa ta ta bugo rahoton kanta, shafi guda mai ɗauke da jimillar abin da ta buga tun ranar da aka fara aiki da ita. Idan kuma tana haɗe da kwamfutocin ofis, sai a rubuta adireshin IP nata, wato lambar da kwamfutocin ke gane ta da ita, a burauza, manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, shafinta ya buɗe, a ga alƙaluman ba tare da an tashi daga kujera ba.

Ku samu littafi guda na firinta kawai, ku rataye shi kusa da ita. A ranar farko ta kowane wata ku rubuta kwanan wata da abin da mita ta nuna, na baƙi daban, na kala daban. Ranar da aka saka sabon katirij ma ku rubuta. Wannan layi na biyu shi ne mutane suka fi mantawa, alhali da shi za mu yi lissafin da ke tafe.

Nawa shafi ɗaya yake ci?

A jikin kwalin katirij akan rubuta yawan shafukan da zai buga. Kada ku ɗauki wannan lamba ku kwanta a kanta. Akwai ƙa'idar gwaji ta duniya, ISO/IEC 19752, ta firinta mai leza mai buga baƙi, kuma shafin da ake gwajin da shi tawada ba ta rufe fiye da kamar kashi 5 cikin 100 na fuskarsa ba. Wato gajeriyar wasiƙa ce mai yalwar fili. Ofishin da ke buga fom mai layuka da akwatuna, ko hotuna, ko kwafin katin shaida mai baƙin gefe, katirij ɗinsa zai ƙare tun bai kai lambar kwali ba. Kamfanin bai yi ƙarya ba, takardunku ne suka fi na gwajin cin tona.

Ga misali. Lambobin na koyo ne kawai, ban sa musu sunan kuɗin kowace ƙasa ba, in kun koma ofis sai ku sa naku.

A ce an sayi katirij a kan 30,000, kwalinsa ya ce shafi 3,000. Bisa maganar kwali, tonar shafi ɗaya 10 ke nan. To amma littafinmu ya nuna ranar da aka saka shi mita tana 41,200, ranar da aka cire shi tana 43,700. Mu cire ƙarami daga babba, saura 2,500. Mu raba 30,000 gida 2,500, ya ba mu 12. Wannan 12 ita ce gaskiyar ofishinku.

Sai takarda. Rim a kan 5,000, a raba gida 500, falle ɗaya 10. Akwai kuma duram, wato gangar da ke ɗaukar tona ta ɗora a takarda. A firintocin HP da yawa tana haɗe da katirij, a na Brother kuwa galibi daban ake sayen ta. A ce kuɗinta 24,000 kuma tana yin shafi 12,000, kowane shafi ya ci 2. Jimilla: 12 da 2 da 10, shafi ɗaya a falle ɗaya ya tashi 24.

Yanzu mu gwada gaba da baya. Shafi biyu a falle biyu 48 ne. Shafi biyu a falle guda kuwa tona 24, duram 4, takarda 10, ya zama 38. An rage 10, ba rabi ba. Na sha jin ana cewa bugun gaba da baya yana raba kuɗi biyu. Takarda yake rabawa, tona tana nan yadda take. Duk da haka abin yi ne, musamman ga rahoto mai kauri.

Kala ita ce inda kuɗi ke zurarewa. Firinta mai kala katirij huɗu take ɗauka: baƙi, rawaya, shuɗi mai haske da ja mai ratsin hoda. A wani ofishi da na taɓa aiki, an kawo takardar biya ta wata guda, akanta ya duba ya sake dubawa, ya ɗauka ya nufi wurin shugaba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wai mun buga kala fiye da baƙi, mu da ba ma buga hoto." Shugaba ya sa aka kira mai gyara. Mutumin bai taɓa na'urar ba ma, wasiƙa ɗaya ya ɗaga daga tire ya ɗora yatsa a kan tambarin ofis da ke sama, ɗan kore wanda bai kai girman farce ba. Ya ce, "Yallaɓai, ga ɓarawonku." Mita ba ta san ƙarami da babba ba, ɗigon kala ɗaya ya isa ta ƙirga shafin duka a na kala. Aka saita kwamfutoci su riƙa bugawa da baƙi sai in mutum ya zaɓi kala da kansa, magana ta mutu. Ku kuma duba yarjejeniyar haya kan babbar takarda A3, domin ninkin A4 ce, kuma sau da yawa shafi biyu ake lissafa ta.

Wa ya buga?

Mita tana faɗin nawa, ba ta faɗin wa. Ƙaramin ofis na iya ajiye rajista, kowa ya rubuta sunansa da adadin shafi, sai dai ba ta cika kai mako biyu ba kafin a watsar. Manyan firintoci suna da nasu tsarin a ciki: a ba kowane ma'aikaci ko sashe lambar sirri, ba ta bugawa sai an danna, ita kuma ta ajiye lissafin kowa. A na'urorin Canon sunan tsarin Department ID, a na Ricoh User Code, a na Konica Minolta Account Track. Sunayen ne suka bambanta, aikin ɗaya ne. Rauninsa kuma ɗaya ne, aron lamba. Da zarar an rubuta lambar wani a ɗan falle an manna a jikin na'ura, lissafin ya zama labari.

Kwamfuta ma tana iya riƙe rajista. A Windows akwai ta ayyukan bugu, amma a kashe take zuwa, sai an kunna. In an kunna, kowane bugu yana barin bayani mai lamba 307 da sunan mai shi da yawan shafi. A Linux da kwamfutocin Apple tsarin bugu sunansa CUPS, yana ajiye rajistar shafuka, yana kuma iya sa iyaka. Da daƙiƙa ake faɗa masa tsawon lokacin iyakar, mako ɗaya daƙiƙa 604,800, kuma iyaka guda yake ɗora wa kowa a firinta ɗaya. Mai son ba wannan da yawa wancan kaɗan sai ya nemi manhajar da aka yi don haka, irin su PaperCut. Idan lissafin kwamfuta ya saɓa da na mita, mita za ku bi, don fotokwafi ba ya bi ta kwamfuta.

Rajistar nan takan nuna har sunan fayil ɗin da aka buga. Don haka a sanar da ma'aikata tun farko cewa ana ajiye ta, a kuma taƙaita masu ganin ta.

Yanka kaso

Kuskuren da aka fi yi shi ne a wayi gari a ce kowa shafi ɗari a wata. Magatakarda zai cinye nasa cikin kwana uku, direba kuwa ko goma ba zai taɓa ba, daga nan a koma aron lamba. Ku fara ƙirgawa wata biyu ko uku ba tare da hana kowa ba. Daga abin da kuka gani sai ku yanka wa kowa gwargwadon aikinsa, da ɗan rara a kai. Na kala a ware shi daban, a bai wa masu buƙatarsa kawai.

Iyaka iri biyu ce. Akwai mai gargaɗi, wadda ke sanar da mutum da shugabansa cewa ya wuce, amma ta bar shi ya buga. Akwai mai kullewa. Ni dai na fi son mai gargaɗi a kan baƙi, mai kullewa a kan kala, domin ba ƙaramar asara ba ce takardar albashi ta maƙale da yamma saboda shafi biyar. Inda aka zaɓi kullewa, a naɗa wanda zai iya ƙara wa mutum kaso nan take, da wanda zai tsaya masa in ba ya nan. Shafin da takarda ta cije ko ya fito da zane-zane a mayar wa mai shi.

Wata dabara kuma ita ce riƙe aiki: an tura bugu, amma ba ya fitowa sai mai shi ya zo ya danna lambarsa ko ya goga katinsa. Wanda ba a zo an karɓa ba, na'ura ta share shi bayan lokacin da aka saita. Tarin takardun da ke kwana a tire babu mai su yana raguwa, takardar sirri kuma ba ta faɗawa hannun mai wucewa.

Aikin gida

1. An saka katirij mita tana 18,350, an cire shi tana 20,350. Kuɗinsa 28,000. Nawa tonar shafi ɗaya ta ci?

2. Rahoto mai shafi 45 za a buga gaba da baya, kwafi 10. Falle nawa za a ɗebo daga sito? Da nawa mita za ta ƙaru? Ku lura da shafin ƙarshe na kowane kwafi.

3. Ku bugo rahoton mitar firintar da kuke aiki da ita, ku zagaye jimillar baƙi da ta kala da biro, ku rubuta kwanan wata a sama, ku zo da shi aji mai zuwa.