Yadda nake sauya jirgi a Clapham Junction ba tare da na ɓata ba

Ranar da na fara sauka a tashar jirgin ƙasa ta Clapham Junction da ke kudancin Landan, ina ja da akwati, sau biyu na ratsa hanyar ƙarƙashin ƙasa ina neman jirgin da ke zuwa filin jirgin sama na Gatwick. Dandamali 17 ne a tashar, kuma kafin ka gama karanta allo wani jirgin ya tashi, wani ya shigo. Yanzu kam na san kanta.

Abu na farko, ka riƙe cewa tasha biyu ce aka haɗa wuri guda. An buɗe ta a shekarar 1863, lokacin da kamfanonin jirgin ƙasa daban-daban suka haɗa hannu, kowa da layin dogonsa, kuma har gobe a rabe take ɓangare-ɓangare. Dandamali na 3 zuwa na 11 na jiragen zuwa tashar Waterloo ta tsakiyar Landan ne da masu fitowa daga can; na 12 zuwa na 15 na ɓangaren tashar Victoria ta Landan da garin Brighton. Na 1 da na 2 jiragen Overground, masu zirga-zirga tsakanin unguwannin Landan, ke tsayawa. In ka san ɓangarenka, ka ci rabin aikin. Ni in Waterloo na nufa, na 10 nake tsayawa, don ba a daɗe ana jira. Gatwick da Brighton galibi na 13 ne, amma a kula: jirgin da ake kira Gatwick Express wucewa yake, ba ya tsayawa a nan.

Sai hanyar tsallakawa. Akwai ta ƙarƙashin ƙasa, akwai gadar sama. Ta ƙasan ta fi kusa, sai dai ƙunci gare ta, da safe kuwa kamar an tashi kasuwa. Mai kaya ko keken jariri ya bi gada, can ne ake da lif. Ta fi tsawo, amma kana tafiya kana hango jiragen, ba mai ture ka.

Duba lambar dandamalinka a waya tun kana cikin jirgin farko, kada ka bari sai ka sauka.

Wani abin dariya: tashar ba ma a Clapham take ba, a Battersea take. Masu kamfanonin ne suka aro sunan maƙwabciyar unguwa da ta fi farin jini a lokacin. In wani ya ce ku haɗu a Clapham, tambaye shi wace tasha yake nufi, don ba ita kaɗai ke da sunan ba.